Tambayoyinku: Sifikata ta yi ƙauri ranar kamu, tana gyaruwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ina da saitin kiɗa na ɗaki, amfilifaya da sifika biyu, to ran kamun ƙanwata muka hiddo su tsakar gida, tun la'asar har bayan isha'i an ƙure murya don mata sun ce ba su ji. Can sai muka ji ƙaurin roba. Yanzu guda ta yi shiru, gudar kuma tana ƙara kamar ana jan gwangwani bisa siminti. Mai gyara ya ce in kawo a yi naɗi. In kai ko in haƙura? Daga mai karatu a Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya. Tana gyaruwa, amma kar ka miƙa kuɗi sai ka san abin da ya ƙone.

A bayan takardar nan mai motsi ta gaban sifika akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe a jikin ɗan bututu, shi ne koyil, yana zaune cikin wani tsukakken rami a tsakiyar maganaɗisu. Wutar da amfilifaya ke turowa kaɗan ce ke zama sauti, a sifikar gida wajen kashi 1 cikin 100 ne, sauran duk zafi ne kuma koyil ke shan sa. In aka daɗe a ƙure sai rufin wayar ya narke, gam ya saki, bututun ya kumbura ya fara gugar bangon ramin, wannan gugar ce ƙarar da kake ji. Wadda ta yi shiru kuwa galibi wayar ce ta tsinke.

Ka cire wuta, ka kwance sukurori ka fito da sifikar daga akwatinta. Ka ware yatsunka a kewayen tsakiyar takardar ka danna a hankali, in lafiya lau take za ta shiga ta dawo ba ƙarar komai, in ka ji ƙiris-ƙiris to koyil ya lalace. Sai ka ɗauko batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa a bakin wayoyinta biyu, mai rai za ta ce tuk, takardar ta motsa. In da mitar awon wuta ta masu gyara, sifikar da aka rubuta wa 8 ohm, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta, za ta nuna wajen 6 zuwa 7, mai 4 kuma wajen 3. Kuma don Allah ka duba ƙananan wayoyin nan biyu masu saƙa da suka shiga jikin takardar, sau da yawa ɗaya ce ta cire, solda kawai take so, amma a caji mutum kuɗin naɗi.

In naɗin ya zama dole, ka tsaya a wurin. Kaurin waya da yawan zagaye su zo daidai da na asali, in ba haka ba ohm ɗin zai canja, sifika ɗaya ta fi 'yar'uwarta ƙara. A share ramin tas da salatif, don ɓurɓushin ƙuna da ƙurar hunturu na maƙalewa a ciki. A sa 'yan siraran takardu a daidaita koyil a tsakiya kafin gam ya kama, a bar ta ta kwana. Mai gyaran da ya ɗiga supa gulu ya ce zo ka ɗauka nan da awa ɗaya, ni dai ban yarda da aikinsa ba, supa gulu in ya bushe ƙandarewa yake ya tsage. Tiwita kuwa, ƙaramar mai siririn sauti, sauyawa ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne amfilifayarka. Sifika biyu a dare ɗaya, dole a tuhume ta. Kafin ka jona gyararriya, a auna bakin fitar sautinta da mita a kan DC ba kiɗa, ya kamata ya tsaya dab da sifili. In ya nuna bolt ɗaya ko sama, akwai abin da ya mutu a ciki, kuma sabon naɗin ma zai iya binsa. Sannan mutane na ɗauka ƙaramar amfilifaya ba ta ƙona sifika, alhali in aka ƙure ta sautin ya fara dishewa yana karcewa, a lokacin ne koyil ke dahuwa, tiwita ma ta riga kowa tafiya. Da ka ji dishewar nan ka rage murya, ka rage bes, wato kakkauran sautin nan. Lambar nan ta 2000W PMPO da ake mannawa a kwali talla ce, lambar RMS za ka duba, ita ke nuna ainihin ƙarfin. Saitin ɗaki ba a yi shi don tsakar gida ba, balle a zafin Gusau na Afrilu da ke kai digiri 40, in biki ya sake tashi ka yi hayar na masu DJ.

TAMBAYA: Malam zan iya jona sifika huɗu a amfilifaya ɗaya a shagona? Daga Jega.

AMSA: Ka leƙa bayanta tukuna. In ka haɗa 8 ohm biyu a bakin fitar sauti ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, sun koma 4. In masu 4 ne sun koma 2, kuma yawancin na gida ba sa ɗaukar wannan, za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone. In an rubuta 4 zuwa 16 a bayan kuma naka masu 8 ne, jona biyu hagu biyu dama, ka bar mata wurin shan iska.