Abin da ke sa 'yar tsana ta ba da tsoro a fim

Ka ce ka yi wa 'yar tsanarka haƙora da jajayen idanu, ka ɗauke ta hoto-hoto yadda ake yi, kana ɗan motsa ta tsakanin hoto da hoto, amma duk wanda ya kalla sai dariya. To yaro, tsoron a motsi yake, fuskar taimako kawai take yi.

Hoto 12 muke ɗauka don kowane sakan na kallo, a nuna kowanne sau biyu ya cika 24 na fim. Mai rai in zai juya kai, a hankali yake farawa, ya yi sauri a tsakiya, ya sassauta a ƙarshe: milimita ɗaya, biyu, huɗu, huɗu, biyu, ɗaya. Da haka ido ya saba, kai kuma sai ka saɓa masa. Bar ta tsaye ƙiƙam hoto 24, sakan biyu ke nan, ko ƙyafta ido babu. Sannan kan ya juyo gaba ɗaya cikin hoto uku, kafaɗa ba ta bi shi ba, ya tsaya cak. Nan tsikar jiki ke tashi. Amma sau ɗaya ko biyu a fage guda. In ka yawaita, mai kallo zai ɗauka hannunka ne bai faɗa ba.

Jajayen idanun nan ma cire su. Idon da ba ya kallon komai ya fi tayar da hankali, kamar yadda aka sa wa mutanen wata duniyar daban maɓallai baƙaƙe a madadin idanu a fim ɗin Coraline na 2009.

Fitila ɗaya tak, ƙarama, ba tare da ƙyallen tausasa haske ba. Ajiye ta ƙasa da haɓa, a gefe, inuwar hanci ta hau sama, rabin fuska ya nutse cikin duhu. Kyamara ma ka sauke ta zuwa gwiwar 'yar tsanar tana kallon sama.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin hannu aiki shi ne haske mai rawa. Toshe taga da baƙin ƙyalle, don rana tana tafiya kana aiki. Kada ka bar kyamara ta zaɓar wa kanta haske ko saiti, kafe komai da hannu. Wutar janareta tana hawa da sauka, saboda haka fitilar LED mai batir ta fi, ga shi ba ta narkar da roba. Kai ma sa baƙar riga, fara tana mayar da haske kan fuskar.

Ƙafar 'yar tsanar kuwa, huda tebur ka ɗaure ta da noti ta ƙasa. In ta zame ko kaɗan, sai ta zama kamar mai maye.

Wurin da ta tsaya ƙiƙam ɗin nan, kashe kiɗa gaba ɗaya. Ƙarar tsohon ƙyaure ta fito daidai hoton farko na juyawar kai.