Me ya sa tarwadata ta rage girma?

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwada a tankin siminti a bayan gidana. Watannin farko kamar hura su ake yi, amma yanzu buhun abinci yana ƙarewa da wuri, sikeli kuwa da ƙyar yake motsawa. Cuta ce, ko abincin ne ba shi da kyau? Daga mai karatu a Wudil.

Amsa: Allah ya sa albarka a kiwon, ɗan'uwa. In dai suna rububin abinci da kuzari, ban ga alamar cuta ba. Abin da ka gani yana da lissafinsa, wanda masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, Ludwig von Bertalanffy, ya fayyace a 1938. A wurinsa jikin mai rai tamkar gini ne da ake ɗorawa ana rushewa a lokaci guda, girma kuwa shi ne rarar da ta saura.

Ɗauki sandar sabulu ka yanko ɗan dunƙule mai tsawo, faɗi da kauri daidai. Yanko wani da ya ninka shi biyu ta kowane gefe. Fatarsa ta ninku huɗu, nauyinsa kuwa takwas. Haka kifinka yake. Wuraren da jiki ke tsotsar abinci da iska suna ƙaruwa ne irin na fata, amma tsokar da za a ciyar tana ƙaruwa irin na nauyi. Kullum rarar raguwa take, har shiga da fita su kusa yin kunnen doki. Da wannan lissafi wasu masana kifi biyu, Beverton da Holt, suka yi nazarin kifin teku a Ingila, suka wallafa shi a 1957.

Abin da ya fi burge ni da Bertalanffy, bai yarda a duba halitta ita kaɗai ba, sai tare da abin da ke kewaye da ita. Don haka leƙa tankinka. Kifin da ya yi ƙiba kashinsa ya ƙaru, wuri ya matse, ruwa na saurin wari, duk suna ƙara danne girman.

Ka yawaita canza ruwa, ka ware manya daga ƙanana. Duk mako biyu ka kamo guda goma ka auna, ka rubuta nauyinsu kusa da kuɗin abincin da suka ci. Ranar da kuɗin abincin ya haura kuɗin naman da ya ƙaru, ka kira masu saye.