Ɓawon lemo da ƙwallon mangwaro za su iya zama leda?

Tambaya: Ina da lambun mangwaro da lemon zaƙi, kuma duk shekara ɓawo da ruɓaɓɓun 'ya'ya suna taruwa tsibi-tsibi. Na ji ana yin leda mai ruɓewa da su. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Ledar da muka saba da ita daga man fetur ake samo ta, shi ya sa take daɗewa a gona ba ta ruɓe ba, tana hana ruwa shiga ƙasa, tana kuma cushe tumbin akuya ko saniyar da ta haɗiye ta. Ita kuwa waccan, da abubuwan da itacen ya tara ake haɗa ta: akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin a farin cikin ɓawon lemo, akwai kuma sitaci a ƙwallon mangwaro da ɓawon ayaba. Ana busar da su a niƙa, a dafa garin da ruwa da ɗan ruwan tsami da gilisarin, wanda shi ne ke hana ta karyewa, sannan a shimfiɗa kunun a faranti ya bushe. A 2013 wata ɗaliba 'yar Turkiyya, Elif Bilgin, ta ci kyauta a gasar kimiyya ta Google da robar ɓawon ayaba, kuma kamfanin Biofase na Meziko yana yin cokula da ƙwallon fiya.

Tambaya: To, zan iya yin ta a gida in rufe kunyoyin gona da ita?

Amsa: Ban ba da wannan shawarar ba, domin wadda ake yi a gida ba ta jure ruwa, raɓa kaɗan tana sa ta yi laushi ta yi fumfuna, ga gilisarin da itacen dahuwa suna cin kuɗi. Inda nake ganin amfaninta shi ne mazubin renon dashe na ɗan lokaci, a gauraya kunun da ƙaiƙayi ko dusar katako domin ya yi ƙwari, sannan a dasa tsiron tare da mazubinsa ba tare da an taɓa saiwa ba. A gwada da kaɗan tukuna, sauran ɓawon kuma a yi taki da shi.

Tambaya: Ledar kasuwa da aka rubuta tana ruɓewa fa?

Amsa: A yi hattara. Wata ta man fetur ce da aka ƙara wa sinadari, tana dagargajewa ƙanana-ƙanana ta zauna cikin ƙasa. Wata kuma, irin wadda ake kira PLA, da ake yi da sitacin masara ko rake, sai a tsibin takin masana'anta mai zafin kusan digiri 58 take ruɓewa da sauri, kuma ƙasar gona ba ta daɗewa a wannan zafin.