Amsa kan kwayil masu jan kai: a saya ko a bari?

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Na ga tambayar da ƙaninmu ya ajiye tun da safe, hannuna ne duk baƙin mai shi ya sa sai yanzu. Bari in yi ta da baki.

Ga waɗanda ba su gani ba, Camry ce gare shi, Muscle ɗin nan ta 2008 mai fulogi huɗu. Ta fara yi masa misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, in ya tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa. To sai ya ci karo da tallan wasu kwayil masu jan kai, wato kansu ja ne, a intanet, an ce wai na tsere ne, suna ƙara wa mota ƙarfi, suna kuma rage shan mai. Yana tambaya ko ya yi odar guda huɗu ya huta.

Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ka ji dalili.

Aikin kwayil ɗaya ne. Batirinka volt 12 yake bayarwa, wannan ba ta isa ta tsallaka bakin fulogi ba. Kwayil ne yake ɗaga ta zuwa dubbai, har ta kai dubu ashirin ko talatin, ta yi tartsatsi ta kunna man da ke cikin silinda. To ga abin da masu talla ba sa faɗa maka: ba kwayil ne yake yanke yawan wutar da za ta fita ba, fulogi ne. Wutar tana hawa, tana hawa, da zarar ta kai inda za ta iya tsallake giɓin nan sai ta tsallake, shi ke nan, ba ta ƙara hawa. In giɓin fulogi da matsin da ke cikin silinda volt dubu goma sha biyar suke nema, to ita za su ɗauka, ko da a jikin kwali an rubuta dubu arba'in. Kamar ashana ce da risho. In ya kama, ya kama. Don ka kawo ƙatuwar ashana ba shi zai sa tuwo ya nuna da wuri ba.

Ƙarfin mota daga iska da mai yake zuwa, da lokacin da kwamfutar motar ta ba da umarnin tartsatsi. Injinka 2AZ-FE ne, lita 2.4, ba turbo, ba a taɓa masa komai ba. Kwayil ɗin Denso da ya zo da shi an yi shi da rarar wuta fiye da abin da injin yake buƙata.

Na san wani zai ce, ai ni na sa kuma na ji bambanci. E, ka ji, ban ƙaryata ka ba. Amma me ka cire? Ka cire kwayil da ya shekara goma sha biyar yana shan zafi, da fulogi da bakinsu ya cinye, ka sa sababbi. Dole mota ta saki jiki. Ƙarfinta na asali ne ya dawo. Da sabon Denso ka sa, haka za ka ji.

Sannan akwai abin da ya fi damuna game da Toyota musamman. Ka zare soket ɗin kwayil ɗinka ka leƙa, za ka ga ƙafa huɗu. Ɗaya wuta, ɗaya at (wadda take haɗe da jikin mota), ɗaya ita ce kwamfuta take ba da umarni ta cikinta, ana ce mata IGT. Ta huɗun, IGF, ita ce kwayil yake mayar da amsa cewa na yi tartsatsi. In kwamfuta ba ta ji amsar nan daidai ba, sai ta kunna maka cek injin, ta iya ma yanke mai. Kwayil marar asali sau da yawa a nan yake faɗuwa. Ya shiga ramin, soket ya zauna, mota ta tashi, amma in inji ya yi zafi a cikin go-sulo sai ta fara shirme. Daga nan a ce maka nozul mai fesa mai ne, a ce famfon mai ne, a yi ta canje-canje.

Abin da za ka yi gobe in Allah ya kai mu, ka je a sa mata kwamfuta. In ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshen ita ce silindar da take misin. A ce P0302 ta fito. Ka sa a ɗauko sifana lamba goma, noti ɗaya ne yake riƙe da kowane kwayil. A cire na biyu a kai shi na uku, na uku a dawo da shi na biyu, a goge kod, ka ɗan zaga gari. In ta koma P0303, ciwon ya bi kwayil, shi ne mai laifi, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a P0302, kwayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, a duba fulogi, a duba nozul, a gwada kwamfureshan. In kuwa P0300 ce, wato misin ɗin yawo yake, to a nemi wajen mai ko inda iska take satar shiga.

Kuma idan an zaro kwayil, kar ka tsaya daga nesa kana danna waya. Karɓe shi a hannunka. Dubi robar nan doguwa da take sauka kan fulogi. In ta jiƙe da baƙin mai, gaskit ɗin murfin saman inji ne yake yoyo cikin ramin, kuma ko kwayil na nawa ka sa sai man nan ya lalata robar. In ka ga wani siririn baƙin layi a jikin robar ko a farin jikin fulogi, wuta ce take zillewa ta gefe maimakon ta sauka ƙasa. Wannan fulogi da roba tare ake canza su, in ka bar ɗaya zai koya wa sabon. Ka haska ramin da fitilar waya ma, don masu wankin inji da ruwa mai ƙarfi suna cika shi da ruwa.

Fulogin ma shi ne yake kashe kwayil. Na motarka Denso SK20R11 ne, iridiyom, giɓinsa milimita 1.1. In bakinsa ya cinye giɓin ya buɗe, kwayil sai ya ƙara wahala kafin ya tsallakar da wuta, yana zafi, yana zafi, har ya ƙone. Kuma injin nan na shekarun 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai, saboda haka ka duba ko bakin fulogin ya yi dattin mai.

To su wa kwayil mai ƙarfi yake wa amfani? Akwai su. Wanda yake da inji mai turbo kuma ya ƙara masa matsi, iskar da ke cikin silinda tana yin yawa har tartsatsi ya kasa tsallakawa in an taka totur sosai. Shi ya sa masu gyaran Golf GTI da Audi suke sa jajayen kwayil na Audi R8, masu Nissan kuma suke neman na GT-R. Ka lura, su ma na kamfani suke ɗaukowa daga babbar mota. MSD da Accel kuma kamfanoni ne na gaske a Amurka, amma kasuwarsu ta fi ƙarfi wajen manyan injinan V8 da motocin tsere. Jan fenti kuwa kowa zai iya shafawa.

Sai 'yan CNG, tunda daga 2023 da aka cire tallafin mai mutane da yawa a gidan nan sun koma gas. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman wuta mai ƙarfi, shi ya sa kwayil da yake lallaɓawa a fetur da an juya gas sai ya tona kansa. Amma ko nan, lafiyayyen kwayil na asali da fulogi mai kyau, a ɗan matse giɓin yadda mai haɗa gas ɗin ya ce, yawanci sun wadatar.

Wajen saye, ka tafi da tsohon a hannunka, Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Apo. Lambar Toyota tana jikinsa, yawanci tana farawa da 90919, a dace da ita gaba ɗaya, don na Corolla da na Camry suna kama amma ba ɗaya ba ne. Sabon Denso na gaske shi ne gaba. NGK da Delphi ma ba laifi in na gaske ne. In aljihu bai kai ba, ni na fi yarda da Denso ɗan Beljiyam da aka ciro daga inji a kan sabo fil a kwali mai arhar da ta yi yawa, don jabun ma Denso ake rubuta musu. Ka yi sharaɗi da mai kaya a gwada a motar, inji ya yi zafi, fanka ta tashi, kafin ka biya.

Kuma kar ka yi ta yawo da ita tana misin ɗin nan. Ɗanyen man da bai ƙone ba salansa yake tafiya, ya narka katalis, abin nan mai tace hayaƙi, wanda ya fi kwayil huɗun tsada. In ka ga cek injin tana ƙiftawa ba tsayawa ta yi ba, ka sassauta ƙafa ka nemi gareji.

Ka turo min hoton kod ɗin da na bakin fulogi huɗun a jere, daga na ɗaya zuwa na huɗu, kar a cakuɗa su. Sai na gani.