Tambayi Likita: "Idan maigidana yana tauna abinci sai in ji kamar in fasa ihu"

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan sautin da ke hana mutum sukuni. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunaye.

Tambaya: Likita, shekararmu shida da aure, maigidana bai rage ni da komai ba. Amma da ya fara cin abinci, musamman ƙuli-ƙuli ko aya, ko ya kurɓi shayi, sai zuciyata ta taso, jikina ya ɗauki rawa, in ji kamar in fizge kwanon in watsar. Ƙarar janaretan maƙwabta kuwa ko a jikina. In ya gama sai in shige ɗaki in yi ta kuka ina istigfari. Ko na daina sonsa ne? (Wata matar aure, Jekadafari, Gombe)

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wadda ta daina son miji ba ta shiga ɗaki ta yi kuka don ta ji haushinsa. Abin da kika bayyana ya yi kama da lalurar da ake kira misofoniya. Wasu ma'aurata masana harkar ji a Amurka, Pawel da Margaret Jastreboff, su suka raɗa mata wannan suna a 2001, daga Girkanci, ma'anarsa ƙin sauti. Ba ƙarfin ƙarar ke tayar da ita ba, irin sautin ne, shi ya sa janareta bai dame ki ba amma ƙurus-ƙurus ɗin ƙuli-ƙuli ya hana ki sakat. Galibi sautin baki da hanci ne: tauna, kurɓa, haɗiya, jan majina, tsotsar haƙori. Abin takaicin kuma, ya fi zafi idan daga bakin na jikinka ya fito. Baƙo a gidan biki zai iya cinye tire guda a gabanki ki ɗan daure, amma loma ɗaya ta maigida ta birkita ki.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Newcastle da ke Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan lalura suna kunna musu sautuka iri-iri. Ƙarar ruwan sama ba ta yi musu komai ba. Kukan jariri ya dame su kamar yadda yake damun kowa. Da aka kunna sautin tauna da numfashi, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa mai haɗa abin da aka ji da motsin rai ya yi ta aiki fiye da kima, bugun zuciya ya ƙaru, gumi ya karyo. Wato jikin ya ɗauka hari aka kawo masa. Rawar jikin da kike ji ke nan.

Ki faɗa masa, amma kada ki yi maganar a kan abinci, lokacin kina wuya. Ki bari sai kuna hira da dare, ki ce, "Abban yara, akwai wata lalura da nake fama da ita, ba laifinka ba ne, ina neman taimakonka." Namijin da aka ce wa "ka iya cin abinci mana" zai ji an ci masa fuska, wanda aka nemi taimakonsa kuwa yawanci yakan sassauto. Sannan ki riƙa kunna fanka ko rediyo lokacin cin abinci, ku ci tare don taunarki ta rufe tasa, ki zauna gefensa maimakon ki fuskance shi. Ku yi yarjejeniya cewa in abin ya taso za ki tashi ki sha iska na minti biyar ba tare da ya ɗauka raini ba ne. A waje ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ga mai fushi, ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, ta dace da nan sosai. Ki kuma lura, rashin barci da gajiya da yunwa suna rura wutar abin. Da azumi, lokacin buɗa-baki, sai kin ƙara shiri.

Tambaya: 'Yata mai shekara 12 ta ƙi cin abinci a tire ɗaya da ƙannenta. Tana toshe kunne, tana zaginsu wai suna tauna kamar awaki, jiya har ta mari ƙaramin. Na yi faɗa, na yi duka, a banza. Kakarta ta ce iska ce, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. (Wani magidanci, Azare)

Amsa: Malam, don Allah a ajiye bulalar nan. Wannan lalura a irin shekarunta ta fi farawa, gab da balaga, kuma duka ba ya cire ta, sai dai ya koya wa yarinya cewa lokacin abinci lokacin azaba ne biyu. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta faɗuwa ƙasa banza. Hayaƙin dai a daina, huhunta yake cutarwa.

A zuba mata nata a kwanonta, ta ɗan matsa gefe, amma kada a kore ta ɗaki ita kaɗai kamar mai laifi. Ka sa ido a kan ƙannen, domin na san halin yara: da sun gano abin da ke tunzura yayarsu, za su riƙa cakal-cakal da baki da gangan suna kallonta ta wutsiyar ido. Wannan ka hana shi da gaske. Ita kuma ka zaunar da ita ka ce mata haushin da take ji ba laifinta ba ne, amma marin ƙaninta laifi ne, in abin ya taso ta tashi ta fita.

Idan ta fara ramewa, ko ƙin zuwa makaranta, ko ta furta cewa ta gaji da rayuwa, kada a jira. A kai ta asibitin tarayya da ke nan Azare ko Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kada sunan ya tsorata ka, ba hauka ake nufi ba. Zan faɗa maka gaskiya, ba kowane likita ne ya san lalurar ba, don har yanzu ba ta shiga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ba, saboda haka ka bayyana alamomin dalla-dalla. Abin da ya fi nuna amfani shi ne zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum karkatar da hankalinsa da sassauta jikinsa idan sautin ya zo. A wani gwaji da aka yi a Amstadam ta ƙasar Holan, sama da ɗaya bisa uku na waɗanda aka yi wa hakan sun samu sauƙi sosai. Ba kowa ba, amma ba kaɗan ba ne.

Tambaya: Shekara 11 ina aikin injin niƙa. Yanzu kunnena na yin "ziii" dare da rana, kuma ko cokali ya faɗi a siminti sai in ji zafi har ƙwaƙwalwa, in yi ta faɗa da iyali. (Mai injin niƙa, kasuwar Muda Lawal, Bauchi)

Amsa: Ɗan'uwa, taka daban ce. Su can haushi suke ji, kai zafi kake ji, kuma kowace ƙara mai kaifi ce ke damunka. Wannan alama ce injin ya taɓa 'yan ƙananan gasu da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Ma'aunin ƙara sunansa desibel. A desibel 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba wannan lokacin biyu. Ga gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin mai kawo niƙa da ke tsaye kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta wuce kima.

Ka sayi abin toshe kunne na masu aikin masana'anta, ka sa duk lokacin da injin ke aiki. Auduga ba ta tare komai na kirki. Kada ka ɗiga man zaitun ko ruwan ganye, matsalar ba a ramin kunne take ba. Ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a gwada jinka, ka kuma faɗa musu in ka taɓa shan kwinin, ko asfirin da yawa, ko an yi maka allurar jentamaisin, domin su ma suna iya taɓa kunne. Yaran da ke taya ka aiki su ma a toshe musu.

Tambaya: Abokin ɗakina yana taunar cingam ƙas-ƙas, da dare kuma ga minshari. Iyafis nake kwana da shi in wuni da shi. Wani ya ba ni ƙwayar barci. In sha? (Wani ɗalibi, Tudun Wada, Gombe)

Amsa: A'a, ƙanena, mayar masa da kayarsa. Babu ƙwayar da aka amince da ita a matsayin maganin wannan lalura ta misofoniya, kuma ƙwayoyin barci suna kama jiki, ka je neman sauƙi ka dawo da jaraba. Iyafis ɗin ma rage shi. Kunnen da aka toshe dare da rana ƙara tsinin ji yake yi, ranar da ka cire sai ƙas-ƙas ɗin ya zame maka kamar harbin bindiga. Ka sa shi lokacin karatu kawai, da ƙaramar murya. Da dare ka kunna fanka, in babu wuta ka saukar da sautin ruwan sama a waya ka ajiye ta kusa da matashi. Maganar cingam ka yi masa ita cikin raha, a kan shayi. Minsharin kuwa, in ka lura numfashinsa na ɗaukewa cikin barci sannan ya farka a firgice, ka ce masa shi ma ya je ya ga likita.