Wa za ka fara gaisarwa kafin ka buga fasta?

Barista ɗana, saƙonka ya same ni a kasuwar Mile 12 ta nan Legas ana sauke motar albasa, shi ya sa sai da dare nake amsa maka. Ka ce kana so ka jingine aikin lauya ka nemi kujerar majalisar wakilai, kuma abokanka sun ce ka fara da fadar Sarkin Hausawan Agege. Kana tambaya ko haka al'ada ta tanada, kuma in an je me ake faɗa.

Abokanka sun tsallake gida. Mahaifiyarka ce farko, ka same ta a ɗakinta ku biyu, ba ta waya ba. In ta sa albarka, sai mu baffanninka da kawunnanka, sai surukanka, sai limamin masallacin da kake salla. Bayan nan ne ake maganar fada. Dalili shi ne, duk babban da ya ji labarinka a bakin wani zai yi maka addu'a da baki, amma ya riƙe abin a ransa har ranar zaɓe.

Ita kuwa fada, nan nake jin tsoron aikinka ya cuce ka. A kotu an koya maka ka miƙe tsaye, ka gyara baƙar riga, ka kawo hujja bayan hujja. A fada takalmi kake cirewa a bakin ƙofa, ka durƙusa, ka ce Allah ya ja zamanin sarki, sannan ka kama bakinka. Ni zan yi magana. Zan ce ga ɗanku nan, an haife shi a unguwar nan, ya yi karatu, yanzu yana da wata niyya, mun zo sanar da iyaye. Ba a roƙon sarki ƙuri'a, domin uban kowa ne, gobe abokin takararka zai zauna a tabarmar da ka zauna. Goro za mu riƙe, mai kyau, a ganyensa. Kada ka raina shi. Fataucin goro da layin dogo ne suka zaunar da kakanninmu a Agege, kuma har yau dattijo yana duba goron da aka kawo masa kafin ya dubi fuskar mai shi.

Na taɓa raka wani ɗan takara, shi ma lauya, gidan wani babba a Idi-Araba. Ya shigo da yara masu fasta da mai ɗaukar hoto, ya yi ta zuba Turanci kan tsarin mulki. Dattijon yana jan carbi bai ɗago ba, da ya gama sai ya tambaye shi, wai ɗan gidan wa ne? Ni da na kai shi na fi shi jin kunya.

Kada ka ɗauka ina raina karatunka. Daga 2011 zuwa 2023 kakakin majalisar wakilai uku aka yi a jere, Aminu Waziri Tambuwal, Yakubu Dogara da Femi Gbajabiamila, dukkansu lauyoyi. A zauren da mutum 360 ke jayayya kan doka, wanda ya san doka yana da gaba. Amma dubi yadda suka hau. Tambuwal ya zama lauya a 1992, sai 2003 mutanen mazaɓar Kebbe da Tambuwal a jihar Sakkwato suka tura shi Abuja. Gbajabiamila na nan Surulere shi ma 2003 ya shiga, a 2015 ya nemi kakaki Dogara ya kayar da shi da ƙuri'a takwas, sai 2019 ya samu. Shekara 16 ke nan mutanen unguwarsa suna mayar da shi. Ai ba takardar makarantar lauyoyi suke dangwala wa ba. Tun 2018 doka ta ce mai shekara 25 zai iya tsayawa, amma doka ba ta zuwa jana'iza da suna a madadinka.

Wani abin da ba ka tambaya ba: in a Agege za ka tsaya, to ka sani mu baƙi ne da muka daɗe. Sarakunan Yarabawa da baale-baalensu, wato masu unguwanninsu, su ma sai an gaishe su, da irin ladabinsu, kuma Yarabancin da ka tashi da shi zai yi maka rana. In kuwa gida Arewa kake nufi, yaushe rabonka da zuwa? Wanda ba a gani sai lokacin zaɓe, ɗan Ikko ake ce masa, ba yabo ba ne.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu fara da mahaifiyarka. Ka sa babbar riga da hula, kwat ɗin nan ka bar shi a ofis. Goron ni zan zaɓo, kai ka kawo kuɗin.

Baffanka.