Yau saba ta karɓi aikina, gobe ta ƙi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne a ofis, muna ajiye aikinmu a saba (kwamfutar da duk muke haɗuwa a kanta) guda mai Linux, da Git muke bin sauye-sauye. Yau mutum ya tura aiki ya shiga lafiya, gobe ya tura a ce masa "insufficient permission for adding an object to repository database". Wani abokin aikinmu ya ce mu buga chmod 777 mu huta. Mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Don Allah kada ku yi. Da chmod 777, umarnin da ke bai wa kowa cikakken izini a kan fayiloli, kun buɗe ƙofa ga duk mai asusu a kan injin, ya goge ko ya ɓata tarihin aikinku. Kuma ba magani ba ne, domin foldar da za a ƙirƙira gobe da tsohon izini za ta zo.

Wannan "yau e, gobe a'a" da kuke gani shi ne bakin zaren. Git yana zuba ajiyarsa a foldar objects, cikin ƙananan foldoji masu suna da haruffa biyu, daga 00 zuwa ff, guda 256. Duk wanda ya fara ƙirƙirar ɗaya, tasa ce. Idan umask ɗinsa, wato saitin da ke ƙayyade izinin sabbin fayiloli da foldoji, 022 ne, kamar yadda injuna da yawa ke zuwa, shi kaɗai zai iya rubutu a cikinta. To idan aikinka ya faɗa foldar a7 da abokinka ya ƙirƙira, sai a mayar da kai. Idan ya faɗa taka, ya wuce.

Shiga ma'ajiyar, wato foldar da Git ke ajiye aikinku, a sabar ka buga ls -l objects. Za ka ga sunayen masu foldojin daban-daban da drwxr-xr-x a gefe, alamar cewa mai folda kaɗai ke iya rubutu a ciki. In ka ga root, asusun mai cikakken iko a injin, a ciki, wani ya taɓa tura aiki da sudo, umarnin aiki da ikon root, kuma a hana wannan ɗabi'a tun yau.

Gyaran kuwa: a buɗe rukuni, a ce ofis, a saka kowa da usermod -aG ofis sunansa. Kowa ya fita ya sake shiga, in ba haka ba rukunin ba zai kama ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su yi zaton gyaran bai yi ba. Sannan, kana cikin ma'ajiyar:

chgrp -R ofis .
chmod -R g+rwX .
find . -type d -exec chmod g+s {} +
git config core.sharedRepository group

A lura, X ɗin babba ne. Layi na uku shi ke sa duk abin da aka ƙirƙira nan gaba ya gaji rukunin ofis, na huɗu kuma ya sa Git ya riƙa bai wa rukunin izinin rubutu da kansa. Ka kwafi ma'ajiyar gefe kafin ka taɓa komai, kuma ka zaɓi lokacin da ba wanda ke turawa.

Wataƙila bayan nan Git ya yi ƙorafin cewa ma'ajiyar mallakin wani ce. Matakin tsaro ne da aka ƙara a 2022, ana warware shi ta saka hanyar foldar a saitin Git mai suna safe.directory. Ma'ajiyar da za ku buɗe nan gaba kuwa, ku fara ta da git init --bare --shared=group.